An ba ni gurbi a asibitin tafi-da-gidanka a Nijar, Baba ya ce sai na kawo hujja

'Yar Mabera

Assalamu alaikum jama'a. Ni ɗaliba ce, ina aji huɗu a fannin jinya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wata malamarmu ta haɗa ni da wata ƙaramar ƙungiya da ke aikin asibitin tafi-da-gidanka a jihar Tawa, can Nijar, irin motar nan da ake loda wa magani da allurar riga-kafi a bi ƙauyuka da rugage. Suna neman ɗalibai biyu su zauna da su mako shida idan mun samu hutu. Babu albashi, amma ci da wurin kwana a kansu.

Ni dai raina ya biya. Mama ta ce ba ta hana ni ba. Baba kuwa, da na same shi da maganar bayan Isha'i, sai ya rage muryar rediyonsa ya ce, "Marasa lafiyar Sakkwato sun ƙare ne?" Na yi tsuru-tsuru. Da ya ga na kasa cewa komai, sai ya ce in je in tambayi waɗanda suka taɓa yi, in dawo masa da magana mai kan gado, ba "ai ƙawayena ma za su" ba.

To ga ni. Wa ya taɓa yin irin wannan? Me ɗalibi yake yi a can takamaimai, aiki ne ko rakiyar mota da ɗaukar hoto? Wace takarda ake nema a iyaka? Faransanci kuma ban san komai ba in ba bonju ba. Sai tambayar da ta fi cin raina, wadda ita ce ta Baba in an duba da kyau: zuwan namu mutanen can yake amfana, ko mu?

Ɗan Kanwuri

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na yi, kuma a yankin da kike magana. Damunar 2022 ce, lokacin dogon yajin aikin ASUU da aka shiga ranar 14 ga Fabrairu ba a janye ba sai tsakiyar Oktoba. Ina aji biyar a likitanci, na gaji da tsaron shagon yayana a Tsohuwar Kasuwa, har na fara sanin farashin atamfa fiye da sunayen jijiyoyin hannu. Da wani malaminmu ya yi mini tayin, ban ko tsaya tunani ba. Mako bakwai na yi.

Hanyar kin san rabinta: Kware, Gwadabawa, Illela, sai ki tsallaka Birnin Ƙonni. Daga nan muka yi gabas ta Malbaza da Galmi, garin albasa, muka sauka Madawa. Ƙauyukan da muke bi suna arewa da nan, wajen Buza, ƙasar duwatsu da ƙoramu. Da fasfo na tafi, da katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar shawara, da wasiƙar ƙungiya da ta makaranta. Amma wannan kafin juyin mulkin 2023 ne, ki nemi wanda ya tsallaka kwanan nan ya ba ki labarin yau.

Batun Faransanci, ki kwantar da hankalinki da wajen marasa lafiya. Hausarsu ta Adar ƙanwar Sakkwatanci ce, munka da sunka, kamar kina Gidadawa. Sai dai 'yan tarkuna. Ranar farko wata mata ta ce mini ta kai yaron likita sau biyu, na ce wane likita, ta ce likitar Buza. Ashe a can ginin asibitin shi ne likita, mutumin kuma lokotoro. Kuɗi ma haka: dala ɗaya sefa biyar ce, dala ashirin ɗari ke nan, jikka kuma dubu. Mai shayi ya ci ribata kwana uku kafin direbanmu ya ji tausayina. Inda Faransanci zai kama ki shi ne takarda: rajista, katin yaro da suke kira karne, sunayen magani, rahoton ƙarshen wata. Ki zauna mako biyu ki haddace lambobi da watanni da kalmomin asibiti kamar talatin, ya ishe ki farawa.

Mu shida ne a motar. Direba, shugaban tawaga wanda ma'aikacin jinya ne, kowa majo yake ce masa, ungozoma, mai allurar riga-kafi, mai rajista da raba magani, sai ni. Ki lura babu likita a cikinmu. Na tafi ina jin kaina rabin likita, na tarar majon nan da ya shekara goma sha a daji yana gane yaron da ke cikin haɗari tun uwar ba ta sauke shi daga goyo ba.

Muna tashi bayan Asuba. Kafin mu isa, wakilin lafiya na ƙauyen, wanda suke kira rele, ya riga ya bi gida-gida ya sanar, mai gari ya sa an share gindin bishiya ko ajin makaranta. Mu shimfiɗa tabarmi, mu rataya sikeli a reshe, a kewaye wani lungu da zannuwa don awon ciki. Aikina shi ne bakin layi. Kowane yaro daga wata shida zuwa shekara biyar in ɗaura masa ɗan ma'aunin nan mai launi uku a damtse. Kore ya wuce. Ruwan ɗorawa a sa ido. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. In danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, in rami ya zauna, kumburi ne, shi ma ja ne ko da damtsen ya nuna kore. Mai zafin jiki in soke masa yatsa don gwajin zazzaɓin cizon sauro, in jira minti goma sha biyar zuwa ashirin in ga layi ɗaya ne ko biyu, biyu na nufin yana ɗauke da shi. Mai tari in ɗaga rigarsa in ƙirga numfashi minti guda cur: hamsin ko fiye ga ɗan wata biyu zuwa sha ɗaya, arba'in ko fiye ga wanda ya shekara, an shiga batun ciwon haƙarƙari. A watan Agusta, layi biyun nan sai da na daina mamakinsa, na koma mamakin ɗaya.

Ba na rubuta magani. Ni in auna, in faɗa wa majo abin da na gani da abin da nake zato, shi ya yanke. Ranar da na ji haushin hakan ita ce ranar da na yi abin kunya, bari in ba ki.

Mako na biyu aka ce ni zan shirya akwatin riga-kafi saboda mai aikin yana fama da zazzaɓi. Na ciro robobin ƙanƙara daga firji, suna da tauri kamar dutse, na jera, na cusa kwalaben a tsakiyarsu na rufe ruf, ina ganin ai sanyi ake nema, gara ya yi yawa. Da muka isa majo ya buɗe, ya ɗauki kwalbar Penta, allurar riga-kafin jarirai, ya ɗaga ta sama yana dubawa, bai ce mini uffan ba. Ya ware su gefe duka. Allurar nan tsakanin digiri 2 zuwa 8 take so, in ta daskare ta mutu, ko da ta narke daga baya ruwa ne kawai za ka tsira wa ɗan mutane. Ƙa'idar ita ce ka bar robobin a waje har su yi gumi, ka girgiza ka ji ruwa na motsi a ciki, sannan ka jera. Na karanta wannan a aji huɗu, na ma amsa shi a jarrabawa. Mata kusan ashirin sun baro gona sun tako da jarirai, aka ba su haƙuri aka ce sai wani zuwan. Wata tsohuwa da ta rako jikarta ta dube ni ta ce, "Kai na baƙon? Allah shi ba ka hankali." Da dare majo ya miƙo mini kofin shayi ya ce gobe ma ni zan shirya akwatin. Na shirya shi har ranar da na baro, ban sake kuskure ba.

Wannan amsar tambayarki ce ta farko. Ta ƙarshen tana da nauyi, zan dawo mata in na fito daga aiki.

Tsohon Malamin Asibiti

Ɗiyata, ni dai ina bayan babanki, kuma ba don tsufa ya haɗa mu ba.

Shekara talatin da biyu na yi ina aikin lahiya ƙauyukan Gwadabawa da Tangaza da Gada kahin in aje. Ina nan anka yi sanƙarau na 1996, wanda yak kashe sama da mutum dubu goma sha ɗaya ƙasar ga. Ƙarƙashin itace munka shimhiɗa mutane, muna yi musu allurar nan mai kauri kamar man gyaɗa, hannu na ciwo wajen turawa. To na san mi aka nuhi da kai magani inda babu shi, ba labari anka ba ni ba.

Abin da nis sani shi na: mota ta zo ta tahi, ciwo na nan zaune. Na ga tawaga iri-iri. Su zo da riguna masu tambari, su raba magani wuni guda, a yi hoto da hakimi, ƙura ta bi bayansu. Bayan kwana goma uwa ta zo min da rabin kwalba babu takarda, tana son irinshi, ni ko ban san mi anka ba ta ba. Wani lokacin ma sai mutane su bar zuwa wurina, su aje yaro gida suna jiran ranar da masu mota za su komo, don nasu kyauta na. Na rufe idon yaran da jiran nan yak kashe.

Kuma gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Nan cikin garin ga akwai asibitin yara masu ciwon noma, tun 1999 take, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF na aiki tare da su tun 2014. Ciwon da ka cin kumatu da leɓen yaro cikin 'yan kwanaki, wanda sai Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya tas sa shi jerin cututtukan da anka yi wa sakaci, kuma Najeriya ta ja gaban neman. Kin taɓa shiga? Daga Mabera ko naira nawa ne a keke? Duk damina ana neman masu bin gida-gida raba maganin kare yara daga zazzaɓin cizon sauro, wata-wata, daga ɗan wata ukku har kusa da shekara biyar. Wannan ba ya son fasfo.

Ban ce tahiya ba ta da amfani ba. Na ce ki tambayi zuciyarki, in da Tangaza anka ce, ba Tawa ba, ranki zai biya haka? In amsar e ta, Allah shi kiyaye hanya. In kuwa sunan ƙasar waje na ka yi miki daɗin baki, ki zauna gida.

Ungozomar Ƙonni

Baba, Allah shi ƙara girma, maganarka gaskiya ta, amma ka bar ni in ɗan ja da kai kaɗan. Ni ungozoma ta, nan Ƙonni, shekara tara ina aiki, ukku daga ciki cikin irin motar ga.

Wannan iyaka da kuka gani, ciwo bai san ta ba. Ranar kasuwar Illela rabin mutanenmu na wajenku, matan wajenku kuma suna zuwa awo da kai yara wurinmu, tunda tun 2006 anka ɗauke kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar nan Nijar, ko da yake sau da yawa sai ka tarar maganin babu. Ƙyandar da ta kama rugga wajen Madawa, in shanu sunka gangara kudu da rani, wajen Gada za ta sauka. To wane na gida, wane na dawa?

Ƙanwata, ke nika yi wa magana yanzu. Ɗaliba mace ta fi ɗalibi namiji amfani wurina sau goma, Ɗan Kanwuri ka yi haƙuri. Mace na iya zama gaban majo ta ce kanta ka ciwo, a ba ta farasitamol ta tashi. In tas shigo bayan zane wurina, sai ta hwaɗi cewa wata huɗu ke nan jini bai tsaya ba, ko tun haihuwar bara fitsari ka zubo mata. Ni ɗaya ta, mata arba'in na jira. In kina auna hawan jini, kina duba ido da tahin hannu don ƙarancin jini, kina tsayawa kan kowace mai ciki ta haɗiye Fansidar, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, gabanki, ni sai in samu sarari in saurari wadda ka da babbar magana. Amma ba za ki karɓi haihuwa ke ɗai ba, ba za ki yi ɗinki ba, ba za ki rubuta magani ba. Ƙungiyar da duk tac ce miki "can babu doka, za ki koyi komi da hannunki", ki guje ta. Matanmu ba abin koyon hannu ba ne.

Sannan zamanin da Ɗan Kanwuri yaz zo ya wuce. Bayan 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka wata da watanni, sai cikin 2024 anka buɗe. Janairun 2025 ƙasarmu ta hita daga ECOWAS. Hukuma ta tsananta wa ƙungiyoyi ƙwarai, har wasu manya an sallame su. Arewacin jihar, wajen Tiliya da iyakar Mali, ba wurin zuwan baƙo ba ne ko kaɗan, kuma ku ma kun san halin da dajin Tangaza da Gudu ka ciki. Saboda haka kahin babanki shi sa hannu, su ba ki amsa a rubuce: suna da izinin aiki na bana? Shugaban lahiya na gundumar ya san da zuwanki, da sunanki? Waɗanne ƙauyuka, kuma ana kwana daji ko ana komowa gari kahin Magariba? Wace mace za ki kwana ɗaki ɗaya da ita? In allurar da anka yi wa marar lahiya ta soke ki, ina maganin kariya daga ɗaukar cuta kuma cikin awa nawa za ki same shi? In ba ki yi riga-kafin ciwon hanta ba ki fara yau, allura ukku ta, ta ƙarshe sai bayan wata shida.

Abu guda kuma, don Allah. Mun taɓa samun wata baƙuwa, yarinya mai kirki, tana kuka in ta ga yaro ya rame. Sai ga hoton ɗiyar wata mata tsirara kan sikeli ya hito Facebook. Ƙanin uban yana ci-rani, shi yag gani, yab bugo waya gida. Wata biyu ƙauyen nan ba su bar mata sun zo awo ba. Ki bar wayarki cikin jaka.

Ɗan Kanwuri

Na dawo. Yaya Ungozoma na karɓi hukuncinki, ba ni da ja. Baba kuma, abin da ka faɗa game da mota ta zo ta tafi, shi ne dalilin da ya sa na ce tambayar ƙarshe tana da nauyi. Mutum biyu zan ba ku labarinsu.

Ta farko yarinya ce, ba ta cika shekara biyu ba. Damtsenta ya nuna 10.4. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, tana kallon mutane ba ta kuka, kuma rashin kukan ne ya fi ba ni tsoro. Aka wanke hannun uwar, aka yaga mata Plumpy'Nut, gyaɗar nan mai madara da sukari, aka ce ta zauna gefe ta ba ta a hankali. Gwaji ne: yaron da ya ci, ana iya jinyarsa a gida da ƙullin mako-mako. Wanda ya ƙi, sai kwanciya a asibiti. Rabin awa uwar na lallashi, ta lakata a yatsa ta kai bakin, yarinyar ta kau da kai. Majo ya ce sai Madawa, yau, a motarmu.

Uwar ta ce ba za ta ba. Ni da zafin kai na hau yi mata wa'azi, ina cewa kyauta ne, ba za ta biya ko dala ba, wace irin uwa ce. Ta bar ni na gama. Sannan ta ƙirga mini da yatsu: mijinta yana Abijan tun bara, yara uku a gida, ƙaramar gonar hatsi ita ke nome ta, akuya biyu, surukuwa makauniya. In ta kwana goma a asibiti wa zai yi? Kuma ba ta fita garin sai da izinin wan mijinta, shi kuma yana gona. Ban da amsar ko ɗaya.

Relen ƙauyen ne ya warware. Wani siririn mutum mai tsohon keke, makarantarsa firamare ce, abin da ake ba shi bai kai kuɗin katin wayata ba. Ya hau keken ya je gonar ya taho da wan mijin. Ya shiga gidan mai gari ya fito da alkawarin samari uku za su yi mata noma ranar Alhamis. Matarsa ta ce yaran su dawo wurinta. Duk wannan ya ci awa biyu, muna zaune, majo ko agogo bai duba ba. Da la'asar muka ɗauke su. A hanya ƙorama ta kawo, muka tsaya bakinta har bayan Isha'i muna jiran ruwa ya janye, ungozoma ta rungume yarinyar a ƙirjinta cikin zane don kada sanyi ya kama ta, tana ɗiga mata ruwan sukari. Bayan mako uku da muka koma ƙauyen, na tarar da ita zaune a cinyar uwar tana tsotsar ledar gyaɗar, ta ɓata fuska duka, da na matso da ma'aunina ta tsala ihu. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin na ranar ba.

To a cikin wannan labarin mene ne nawa? Na ɗaura ma'auni na karanta lamba. Abu ne da relen ma ya iya, har iyaye mata ana koya musu. Abin da motar ta kawo shi ne taya huɗu da mai, da kuma cewa ta sake dawowa.

Na biyun dattijo ne, mai farin gemu, ya zo ba don kansa ba, jikansa ya rako. Yana ta murza ƙeya, sai na ce Baba kawo hannunka. Awon jininsa 190 bisa 110, ya hau sosai. Na sake bayan ya huta, kusan haka. Tsarin aikinmu na yara ne da mata masu ciki, babu maganin hawan jini a akwatinmu. Ni kuwa ina da amlodipine a jakata, ragowar wanda na saya wa mahaifiyata. Na roƙi majo. Ya ce, "In ya ƙare fa?" Na ce ai za mu dawo. Ya yi shiru, sannan ya ce in ba shi, amma in rubuta masa takarda zuwa asibitin gunduma, in kuma gaya masa gaskiya cewa wannan magani ba a gama shi. Na ba shi na wata ɗaya. Zuwanmu na gaba ya sauka zuwa 150, dattijo ya kawo mini zabi biyu a ɗaure, yana cewa kansa ya yi sakayau kamar an sauke masa dami.

Ƙarshen Satumba kuɗin aikin ya ƙare. Ba wanda ya gaya mana sai ana saura kwana huɗu. Ƙauyen dattijon yana cikin jerin mako mai zuwa, makon da bai zo ba. Na dawo Sakkwato, aka janye yajin aiki, jarrabawa ta taso, na shiga harkokina.

Don haka ƙanwata, in kin rubuta musu tambayoyin Yaya Ungozoma, ki ƙara da nawa: sau nawa suke komawa ƙauye ɗaya, kuɗinsu zai kai wane wata, kuma rajistar marasa lafiyar a hannun wa take kwana, nasu ko na asibitin yankin? In suka ce kowane ƙauye sau ɗaya suke zuwa don su game wurare da yawa, ki bi maganar Baba. Mako bakwai ɗin nan ni na fi kowa cin ribarsu, ba na musu, har yau da idon majo nake duban yaro. Ki faɗa wa babanki haka kai tsaye, kada ki ce masa ceto za ki.

'Yar Mabera

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba duka jiya da dare, har da na Baba Malamin Asibiti, wanda ya sa aka maimaita masa sau biyu yana gyaɗa kai. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce in tura musu tambayoyin, in amsa ta zo a rubuce zai kira malamar tamu da kansa. Ya kuma ce kafin nan ranar Asabar shi zai kai ni asibitin noma a mashin ɗinsa, in ga ko zan iya tsayawa. Allurar hanta na yi biyu tun aji biyu na watsar, gobe zan je in ji yadda za a yi.

Yaya Ɗan Kanwuri, Baba ya ce in tambaye ka, dattijon fa?

Ɗan Kanwuri

Relen ya kira ni da azumin 2023, da wata lambar da ban sani ba. Bayan gaisuwa ya ce dattijo ya faɗi a masallaci, ɓarin hagu ya shanye, amma yana magana kaɗan-kaɗan. Takardar da na rubuta masa tana nan a cikin aljihun rigarsa, ba a kai shi ba, kuɗin mota ya gagara. Ɗansa ya dawo daga ci-rani yana jinyarsa. Na tura abin da na iya ta hannun wani direban albasa da ke zuwa Illela, na haɗa da maganin wata uku. Bayan an rufe iyaka lambar ta daina shiga.

Ki gaida Baba. In tafiyar ta tabbata ki nemi takalmin roba mai rufi da gidan sauro naki na kanki, kuma littafin da za ki riƙa rubutu ki sa shi a leda. Nawa ya jiƙe a ƙoramar nan, shafin da na rubuta sunan ƙauyen dattijon da lambar ɗansa duk tawadar ta bi ruwa.